Renon ƙwayoyin jiki a zafin Sakkwato: inda araha ke da wuri da inda ba ta da shi

Wata rana cikin watan Afrilu, wajen ƙarfe uku, na tarar da wani ɗalibinmu tsaye gaban akwatin renon ƙwayoyin jiki, wanda a ɗakin gwaji muke ce wa inkubeta, ya ƙura wa ɗan allon da ke goshinta ido. A kan digiri 37 aka saita ta, amma 40 take nunawa, ƙararrawa kuma sai tsuwa take yi. An ɗauke wuta tun hantsi. Janareta na aiki, sai dai ba zai iya jan firiza da inkubeta da iyakwandishan a lokaci guda ba, don haka aka kashe iyakwandishan. Yaron ya yi ta danna maɓallin rage zafi har ya gaji. Dattijon da ke kula da kayan ɗakin, wanda duk muke kira Baba, ya leƙo ya ce, "Ɗana, bar wahal da kanka. Wagga na'ura ɗumamawa ɗai ta sani, ba a koya mata sanyayawa ba."

Baba ya faɗi gaskiya. Yawancin inkubetocin nan hita kaɗai ke cikinsu. In ka buɗe littafin da ke zuwa da na'urar, can wajen shafukan ƙarshe da ba a cika karantawa ba, za ka ga an rubuta cewa ƙaramin zafin da za ta iya riƙewa shi ne wanda ya ɗara na ɗakin da digiri uku zuwa biyar. Wato in kana son 37 a ciki, dole ɗakin ya tsaya ƙasa da 32 ko 33. Injiniyan da ya zana ta a Jamus ko Amurka ko Japan bai yi ganganci ba, ɗakin da ya sani ba ya wuce digiri 25. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu, digiri 40 a inuwa ba abin ba da labari ba ne. Ƙwayoyin yaron ba su mutu duka ba, kuma da ma sun mutu da ya fi sauƙi. Jigata suka yi, suka sauya hali, duk abin da aka auna a kansu daga ranar ya zama abin kokwanto. Aikin mako shida ya koma farko.

Tun daga ranar nake kallon kowace na'ura a matsayin wadda ta zo da ɗakinta a ɓoye: ɗakin da wuta ba ta yankewa, iska ba ta da ƙura, mai gyara kuma yana bayan gida. In aka sauke ta inda babu ko ɗaya cikin ukun, wani ne zai cike giɓin. Wani lokaci aljihun hukuma ne, wani lokaci huhun ma'aikaci, wani lokaci kuma amanar mara lafiyar da ya ba da jininsa.

Ga wanda bai saba da harkar ba, abin da ake yi shi ne a ɗauko ƙwayoyin da suka gina jikin mutum ko dabba, waɗanda 'yan ɗakin gwaji ke kira sel, a zuba su cikin wata shafaffiyar kwalbar roba, a rufe su da jan ruwa mai ɗauke da sukari da gishiri da bitamin da sauran abin ci. Suna manne wa gindin kwalbar, su yi ta rabuwa har su shimfiɗe ta. Bukatarsu uku ce: zafin jikin mutum, danshi mai yawa, da iskar kabon kashi 5 cikin ɗari. Dalilin iskar kabon ɗin duk mai dafa miyar yakuwa za ta gane shi. A cikin ruwan akwai wani gishiri ɗan uwan kanwa, iskar kabon kuma in ta narke a ruwa ɗan tsami take bayarwa, to su biyun ne ke riƙe juna har ruwan ya daidaita da jinin mutum. Jan launin shi ne ɗan rahoto. In tukunyar gas ta ƙare cikin dare, da safe za ka ga ruwan ya koma shunayya. In ƙwayar cuta ta shiga, za ka tarar ya yi ɗorawa ya gurɓace kamar ruwan gulbi da damina.

Kada a ɗauka wannan wasan 'yan boko ne. Shaidar da aka ba Afirka a watan Agustan 2020 cewa ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, a kan irin waɗannan kwalabe aka gina ta. Duk yaron da ƙafarsa ta shanye farat ɗaya, ana aika bayan gidansa ɗakin gwajin Ibadan ko na Maiduguri, a ɗora a kan ƙwayoyin da aka rena a ga ko cutar za ta cinye su. Allurar rigakafin annobar awaki da tumaki da cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom ke yi, ta wannan hanya ake samar da ita. Ɗalibanmu da ke son sanin ko da gaske sabara ko marke ko bagaruwa na taɓa ƙwayar kansa, ba su da wata hanyar farawa sai wannan.

To mu koma kan inkubeta, domin a nan ne nake ganin an fi samun filin dabara. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai wadda bangonta ke cike da ruwa, akwai wadda hita ke ɗumama bangon kai tsaye. Ta biyun ta fi sauƙin ɗauka, ta fi saurin komawa 37 bayan an buɗe ƙofa, wasu ma suna iya gasa cikinsu da zafi har digiri 180 su kashe duk abin da ke ciki. Ita ake yayi yanzu, ita dillalai ke fara nuna maka. Mai ruwan kuwa nauyi gare ta kamar tsiya, ga wuyar wanki, amma in wuta ta yanke tana daɗewa riƙe da zafinta, kuma yadda randa ke jinkirin ɗaukar zafin rana haka ita ma ba ta bin hawa da saukar zafin ɗaki da wuri. A garin da ake sauya layi tsakanin wutar gwamnati da janareta sau da yawa a wuni, tsohuwar ƙirar ta fi sabuwar dacewa. Idon da ke auna iskar kabon shi ma iri biyu ne. Mai araha zafi da danshi suna ruɗa shi, duk buɗe ƙofa sai ya yi ƙarya na ɗan lokaci. Mai aiki da haske ya fi tsada, amma ba ya ruɗewa haka, kuma gas ɗin da zai tanada maka yana da daraja a wurin da tukunya ke zuwa daga ɗaruruwan kilomita.

Akwai ma hanyar kauce wa gas ɗin gaba ɗaya a wasu ayyuka. Tun shekarun 1960 aka haɗa wani ruwan reno mai suna L-15 wanda ba ya bukatar iskar kabon, ko da yake ba kowace ƙwaya ke jin daɗinsa ba. Masana biyu kuma, Trager da Jensen, waɗanda suka fara rena ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a ɗakin gwaji ba yankewa a 1976, sun nuna ana iya yi da tulun gilashi da kyandir: a kunna, a rufe, in ya mutu ya bar iskar da ake so. Na kawo wannan ne don in ce na'ura mai tsada ba farilla ba ce a ko'ina. Masu ƙera injin ƙyanƙyasar ƙwai a garin nan suna riƙe digiri 37 da rabi na tsawon kwana 21, da sola da batir. Tazarar da ke tsakaninsu da inkubetar koyar da ɗalibai ba ta kai yadda ake zato ba: ciki na ƙarfen da ba ya tsatsa mai kusurwa zagayayya don kada fumfuna ta sami maɓoya, ƙofa mai toshe iska, ido mai auna gas, da ɗan abin sanyayawa. In irin wannan ta gaza, ƙwayoyi ne za su mutu, ɗalibi ya yi takaici, a gyara a sake. Asara ce da ake iya ɗauka.

Akwatin da ake aiki a cikinsa, wanda ake kira hud, shi ne inda ba na yarda da wannan sassaucin ko kaɗan. Akwatuna biyu ne masu kama da juna kamar Hassan da Hussaini: gilashi a gaba, fitila a sama, ƙarar fanka a ciki. Na farkon yana tace iska ya huro ta kan kayan aiki, daga nan ta wuce kai tsaye fuskar mai aikin. Kwalba yake karewa, ba ruwansa da mutum. Na biyun, wato akwatin kariya, yana zuƙo iskar ɗaki ta wata raga da ke bakinsa, ya saukar da tatacciya a kan aikin, kuma duk wadda zai fitar sai ta bi ta matatar HEPA, mai kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙurar da ta fi wuyar kamawa. Na farkon ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma a takardar kwangila sau da yawa suna ɗaya ake rubuta musu.

Na taɓa ziyartar wani ɗakin gwaji, ba zan faɗi ko ina ba ne, na ga wata ɗaliba tana raba jinin marasa lafiya a cikin irin na farkon. Ta sa safar hannu, ta goge ko'ina da giyar asibiti, komai tsaf. Na yagi siririn tishu na riƙe a bakin akwatin. Maimakon ya lanƙwasa ciki, sai ya taso yana kaɗawa wajen ƙirjina. Ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Malam, ke nan wata uku iskar nan nike shaƙa?" Ba laifinta ba ne. Babu abin da aka rubuta a jikin akwatin da zai gaya mata, kuma wanda ya saya bai san akwai bambanci ba. A ganina wannan aibin ƙira ne. Abu biyu da ɗaya ke kare rai ɗaya ba ya karewa bai kamata su fito da fuska ɗaya ba, ko aƙalla a manna gargaɗi babba da harshen da masu amfani ke ji.

Haɗarin kuma ba tatsuniya ba ne. A 1967, ma'aikata a Marburg da Frankfurt na Jamus da Belgrade sun kamu da wata sabuwar cuta daga birai da aka kai daga Yuganda don a cire ƙodarsu a rena ƙwayoyinta. Fiye da mutum 30 suka kwanta, 7 suka mutu. Shekara biyu bayan haka, jinin da aka kai Jami'ar Yale daga ƙasar nan, na cutar da aka raɗa wa sunan garin Lassa a Borno, ya kwantar da babban masani Jordi Casals, ya kuma kashe wani ma'aikacin ɗakin gwajin. Mu da muke karɓar jini daga asibiti da nama daga mayanka, ciwon hanta da tarin fuka na shanu da cutar ɓarin ciki ta dabbobi suna iya biyo kowane samfuri ba sallama.

Ko an sayi na kirkin ma, tsugune ba ta ƙare ba. Labulen iskar da ke kare mai aiki gudunsa kusan rabin mita ne a daƙiƙa, bai kai saurin tafiyar mutum ba. Wucewar wani ta bayanka da sauri na iya yaga shi, balle fankar sama, wadda a Sakkwato kashe ta sai an kai ruwa rana. Ga hunturu. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar da ke shiga ta ƙarƙashin ƙofa tana toshe matatar da aka yi wa lissafin shekaru, fankar ciki ta yi ta gurnani alhali iskar ta ragu, kuma ido ba ya ganin hakan. Ƙa'ida ita ce ƙwararre ya zo da na'urorinsa ya gwada akwatin duk shekara da duk lokacin da aka gusar da shi, kafin a sauya matata kuma sai an turara cikinsa da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Irin waɗannan ƙwararru 'yan kaɗan ne a ƙasar nan, kiran ɗaya zuwa Sakkwato kuɗin jirgi ne da masauki da ladan aiki. Sai ka ga takardar shaidar da ke manne a gefen akwati ita ce ta masana'anta, ta yi fari fat don tsufa. Da da mu aka zana shi, da an sa masa matatar gaba mai arha da ake cirewa a wanke, da agogon da ke nuna toshewa da launi uku yadda kowa zai gane, da batirin da zai riƙe fanka ko da minti goma ne bayan ɗaukewar wuta don mai aiki ya rufe kwalabensa ya ja gilashi. Fitilar nan mai launin shuɗi da ake kunnawa don kashe ƙwayoyin cuta kuwa, ni da za a cire ta ma ban yi baƙin ciki ba. Ƙura na rage mata ƙarfi, tana ƙona ido da fata, tana kuma sa mutane kasalar goge wuri.

Wani abin da na daɗe ban lura da shi ba shi ne yadda maganin wata matsala ke haifar da wata. Don gudun zafi da ƙura, sai mu zaɓi ƙaramin ɗaki, mu toshe tagogi, mu liƙe ƙofa, mu sa iyakwandishan mai juya iskar ciki kawai. A wannan ɗakin kuma muke jingine tukunyar iskar kabon da tulun ruwan naitirojin, wanda ake adana ƙwayoyi a cikinsa a sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Lita ɗaya ta wannan ruwa in ta ƙafe tana zama iska kusan lita 700, ba launi ba wari, ta ture iskar numfashi. Mutum ba ya jin shaƙewa, jiri ne kawai sai faɗuwa. A 1999 hakan ya kashe wani gogaggen ma'aikaci a wata cibiyar bincike a Edinburgh, inda ba su da matsalar wuta ko ta kuɗi irin tamu. An gudu daga gara an faɗa gidan zago ke nan. Maganin ba shi da tsada in tun wajen zanen ɗaki aka tuna: tulun ya zauna a rumfa mai iska, a ɗaure tukwanen gas da sarƙa a bango, a sa ƙararrawa mai auna iskar numfashi, a kuma rubuta ranar da idonta zai mutu, don shi ma yana tsufa. Kuma a hana ɗauko tulun a kujerar baya ta mota an ɗaga gilasai, abin da na gani da idona fiye da sau ɗaya.

Wa ke cika tulun nan? Wa ke kwashe shara, wa ke wanke tiren ruwan inkubeta? Ba farfesa ba ne. Ƙaramin ma'aikaci ne da mai shara, waɗanda sunansu ba ya fitowa a kan takardar bincike kuma ba a tura su bita. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Idan na'ura ba ta kare wanda bai iya karanta littafinta ba, to ba ta kare wanda ya fi kowa kusa da haɗarinta ba.

Sharar ma tana da nata labarin. Wasu masana a Jami'ar Exeter sun ƙiyasta cewa ɗakunan binciken halittu na duniya sun zubar da robar da ta kai tan miliyan biyar da rabi a 2014. A can damuwarsu muhalli ce. Mu tamu ta fi kusa: robar da aka zubar a nan ba ta ɓacewa, baban bola na tsince ta, yara na wasa da ita. Kwalbar reno in an dafa ta a tukunyar tururi a digiri 121 narkewa take yi ta ƙanƙance, ba mai sha'awarta. Amma 'yan bututun nan masu murfin shuɗi ko ruwan lemo, robarsu na jure dahuwa, suna fitowa kamar sababbi, daidai zuba turare ko kwalli ko magani. Wanda ya tsinta ba shi da hanyar sanin wanne aka dafa wanne ba a dafa ba. Shi ya sa na'urar datsa roba, ko da ta maƙera ce, take cikin kayan renon ƙwayoyi a wurina, daidai da madubin ƙara girma.

Sai maganar su wane ne ke cikin kwalbar. Ƙwayoyin da suka fi kowanne shahara, HeLa, daga bakin mahaifar wata baƙar fata aka yanko su a asibitin Johns Hopkins a 1951, Henrietta Lacks, ba tare da an tambaye ta ba. Ta rasu a shekarar tana da 31. Ƙwayoyinta suka ci gaba da rayuwa, aka gwada allurar shan inna a kansu, kamfanoni suka yi ta sayarwa, iyalinta ba su ma sani ba sai bayan shekara ashirin da wani abu. Sai a 2023 kamfanin Thermo Fisher ya sasanta da su. Ba sai mun je Amurka neman misali ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano da yara kusan 200, 11 suka rasu. Kamfanin ya dage cewa cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. Ƙauracewar allurar shan inna ta 2003 ba ta rasa nasaba da wannan tabo. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura.

Za a ce ina ruwan na'ura da wannan? Ruwanta ne tsundum. Dokar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ta wajabta neman yarda da rubuta yarjejeniya kafin a fitar da samfuri waje, amma takarda ba ta tsare firiza. Abin da ke tsare ta kuba ne, da rajistar wanda ya buɗe, da lamba a jikin bututu maimakon sunan mutum da unguwarsu da alƙalamin maka. A gari irin namu da kowa ya san kowa, suna a jikin bututu tonon asiri ne. Sababbin na'urori kuma da yawa suna haɗe da intanet, suna aika bayanai rumbun kamfani a wata ƙasa, ya kamata mai saye ya tambayi me ke fita, kuma ko ana iya kashe hanyar. Akwai kuma wani cin amanar da ba a cika kiransa da sunansa ba. Mace ta yarda an yanki naman ƙirjinta don bincike, an yi mata bayani da Hausa, ta dangwala yatsa, sannan firiza ta narke ranar Asabar saboda ba ta da ƙararrawar da za ta kira wayar kowa. Kyautarta ta tafi a banza, kuma ba wanda zai koma ya gaya mata. Haka nan sakamakon ƙarya. Tun 1966 wani masani, Stanley Gartler, ya nuna cewa ƙwayoyi da dama da ake zaton na wasu sassan jiki ne, ashe HeLa ce ta kutsa ta cinye su. Yau jerin irin waɗannan ya haura 500. Inkubeta ɗaya tilo da ɗalibai goma ke cusa kwalabensu ciki ba rabe-rabe gayyatar wannan ruɗani ce.

Abincin ƙwayoyin ma akwai abin dubawa. Kusan kashi 10 cikin ɗari na jan ruwan nan ruwan jinin ɗan tayin saniya ne, wanda ake zuƙowa daga zuciyarsa bayan an yanka uwar. Sinadarin da ake ɓamɓaro ƙwayoyi da shi daga gindin kwalba kuma, bisa al'ada daga wata gaɓar cikin alade, makwabciyar saifa mai taimaka wa narkar da abinci, ake samo shi. Hukuncin wannan na malamai ne, kuma sun yi magana a kan abin da ya rikiɗe da abin da larura ta kawo. Abin da ke wuyanmu shi ne kada mu ɓoye. Akwai madadin da ba na dabba ba, ya fi tsada a kwalba, amma wanda ake amfani da shi wajen ɓamɓarowa yana jure zafin ɗaki, abin da ke da daraja ga kayan da za su kwana a hanyar Legas zuwa Sakkwato.

Kuɗin kuwa, kowa ya san inda ƙaya ta soke. Kafin Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, farkon 2024 ta haura 1,500. Kusan komai na wannan aiki da dala ake sayensa, har bakin bututun ɗiban ruwa. Amma farashin saye shi ne ƙaramin ɓangare. Tsohuwar firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili tana iya shan yunit 20 a rana. A farashin naira 225 kowane yunit da aka sanar wa 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, a Afrilun 2024, naira 4,500 ke nan kullum, sama da miliyan ɗaya da dubu ɗari shida a shekara, ba a sa dizal ba, ba a sa iyakwandishan da ke kwashe zafin da take fitarwa ba. Tsarin kasafinmu kuma ya fi son saye da riƙo. Na'ura sabuwa ana yanka mata kirtani a ɗauki hoto, matata da gas da kuɗin mai gwaji ba su da ranar buki. Kayan kyauta su ma sai an duba haƙoransu. Na ga na'urar da aka ƙera don wutar Amurka mai ƙarfin 110 aka soka ta a tamu mai 230, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta yi hayaƙi. Wani bincike na 2011 da ya duba kayan asibiti sama da dubu ɗari a ƙasashe masu tasowa ya tarar kusan kashi 40 cikin ɗari ba sa aiki, yawanci don rashin horo da tsarin kula da ababen more rayuwa. Ƙara da dabarar wasu kamfanoni ta yin na'urar da ba ta karɓar roba ko matatar kowa sai tasu, ko wadda ba ta buɗuwa sai da lambar sirrin injiniyansu. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma a nan sau da yawa mai sayen bai san rariya ya saya ba.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne an taɓa warware irin wannan. Firjin allurar rigakafi da ke ƙananan asibitocin karkara, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta amincewa da shi don yankuna masu zafi sai an gwada shi a digiri 43. Da masu saye suka haɗa baki a kan wannan sharaɗi, kamfanoni suka fito da firji mai shan sola kai tsaye ba batir, yana tara sanyi a ƙanƙara ya riƙe kwanaki. Babu abin da ya hana jami'o'i da asibitocin koyarwa na yankin Sahel, daga Sakkwato zuwa Maiduguri zuwa Yamai, su rubuta irin wannan sharaɗi ga inkubeta da firiza: a faɗi zafin da aka gwada su, awa nawa suke riƙewa ba wuta, nawa za su ci a shekara biyar, wa zai gyara kuma daga ina. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo na da cibiyar binciken makamashi da ta daɗe tana aikin sola, ga kwalejin kimiyya da fasaha, ga masu walda da masu gyaran firji da hannunsu ya faɗa. Inkubeta, injin girgiza kwalba, tukunyar ruwan ɗumi, akwatin batir, na'urar datsa roba, duk ana iya farawa da su a gida, a gwada su da ma'auni mai zaman kansa kafin a ba ɗalibi. Akwatin kariya kam, ko an iya lanƙwasa ƙarfensa a nan, kada wanda ya zauna gabansa da jinin mara lafiya sai an sami mai gwada shi da kayan gwajin gaske, kuma horar da mutum biyu ko uku a Arewa maso Yamma su iya wannan gwaji ya fi mana sabon akwati goma.

A namu ɗakin, abin da muka iya yi bayan ranar nan ta Afrilu kaɗan ne. Mun mayar da inkubetar ɗakin tsakiya wanda rana ba ta dukan bangonsa, muka sa mata ƙaramin iyakwandishan nata a kan inbata da sola, muka fitar da tulun naitirojin baranda aka yi masa keji. Baba ya rataye ma'aunin zafi na gilashi a ciki, don ya ce bai yarda da allo ba, yana rubuta abin da ya gani safe da la'asar a wani littafi mai bangon kwali. Takardar neman kuɗin gwajin akwatin kariya kuwa mun tura tun bara, har yanzu tana ofis.